Wa Ya Riga Tashi? Rigimar Alƙaluma a Tseren Motocin Amurka

Ranar Lahadi ake fidda gwani a filin tseren motoci na Pomona da ke jihar Kalifoniya. Motoci biyu ne a bakin layi, kowace doguwa siririya, tsawonta ya haura mita bakwai, ƙananan tayoyi a gaba, manya a baya. Sun gama murza tayoyin bayan har hayaƙi ya turnuƙe, don roba ta yi zafi ta kama ƙasa. Makanikai sun ja gefe. ’Yan kallo sun toshe kunnuwa.

Tsakanin motocin akwai doguwar sanda mai jerin fitilu. Direbobin suna lallaɓo motocinsu a hankali har ƙananan fitilun saman sandar suka kama. Sai wasu uku masu ruwan ɗorawa suka haska a tare. Kafin sakan huɗu ya cika, motocin sun cinye mita 305, gudunsu ya haura kilomita 500 a awa, sun saki lema suna neman tsayawa.

Abin da ke ɗaure wa baƙo kai yana kan allon sakamako. Sai ka ga, a misali, motar hagu ta yi sakan 3.72, ta dama ta yi 3.75, amma fitilar nasara ta kama a dama. Ba maguɗi aka yi ba. Agogon kowace mota ba ya soma ƙirga sai ta bar layi, nasara kuwa ta wanda ya riga isa ce. Direban dama ya riga tashi, kuma ratar da ya samu a wurin tashin ta fi ratar da ɗayar motar ta ba shi a gudu.

Wannan ɗan lokaci, tsakanin kamawar koriyar fitila da barin mota layi, shi ne lokacin zabura. Ana auna shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. A ’yan shekarun nan ya zama abin cece-ku-ce a wannan wasa. Masu sharhin talabijin suna karanto matsakaicin kowane direba kafin a tashi, mujallu suna jera su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, ’yan kallo kuma suna yanke hukunci: wane gwani ne, wane mota ce ke ɗauke da shi. Matsalar ita ce jadawalin da ake kafa hujja da shi ba ya faɗin duk abin da ake ɗora masa.

Daga mai tuta zuwa sandar fitilu

Tseren miƙaƙƙen titi ya taso ne daga samarin Amurka masu ƙara wa tsofaffin motoci ƙarfi suna gwada su a kan tituna da busassun tafkuna. A 1951 Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA domin a kwashe wasan daga titin jama’a a kai shi filin da ke da doka. Tsawon tseren rubu’in mil ne, kimanin mita 402.

Da farko mutum ne yake tsayawa tsakanin motoci da tuta. Direbobi masu wayo suka koyi karanta kafaɗarsa da gwiwarsa, suna tashi kafin tutar ta ɗaga, rigima kuwa ba ta ƙarewa. A 1963, a babbar gasar Indiyanafolis, aka shigo da sandar fitilun da suke kira Bishiyar Kirsimeti. Daga nan na’ura ta karɓi aikin alƙali, kuma abin da a da ake musu a kai da baki ya koma lamba a takarda.

Ga ’yan ajin ƙwararru, fitilu uku masu ruwan ɗorawa suna kamawa a tare, koriya ta biyo bayan sakan 0.4. A yawancin azuzuwan masu sha’awa kuwa ɗaya bayan ɗaya suke kamawa, rabin sakan tsakanin kowace. Wanda ya bar layi kafin koriya, jar fitila ta kama masa, ya faɗi tun bai je ko’ina ba. Sauri ya haifi nawa.

A da, wanda ya tashi daidai da koriya ana rubuta masa 0.400 ko 0.500, gwargwadon irin fitilar. Daga 2003 aka mai da cikakken tashi 0.000, a daidai lokacin da aka sauya ƙwayayen fitilun zuwa na LED masu kamawa nan take. Duk mai son kwatanta direban yau da na shekarun 1990, a nan zai fara tuntuɓe, domin ma’aunin ya sauya, fitilar da ido ke gani ma ta sauya.

Wani sauyin ya zo a 2008, bayan mutuwar Scott Kalitta a Englishtown ta jihar New Jersey. Aka rage tsawon tseren azuzuwa biyu mafiya gudu, Top Fuel da Funny Car, zuwa ƙafa 1,000. Titi ya gajarta, damar kamo wanda ya riga ka tashi ta ragu.

Abin da agogon yake aunawa

Mutum mai lafiya yakan ɗauki wajen milisakan 200 kafin jikinsa ya amsa abin da idonsa ya gani. To ta yaya direba zai samu 40, ko 15, ko ma sifiri?

Amsar ita ce ba koriyar fitila yake jira ba. Duk wanda ya jira ta, an riga an bar shi. Da ganin ruwan ɗorawa yake motsawa, kamar ɗan acaɓa a danja, wanda ke kallon fitilar ɗaya hannun, tana soma sauyawa ya murza. Cikin sakan 0.4 ɗin nan, ido zai gani, ƙafa ta taka, inji ya amsa, kuloci ya kama, taya ta murgina ta fice daga zaren hasken da ke gicciye a bakin layi. Abin da ya haura 0.4 shi ne ake rubutawa.

Ke nan lambar da ake liƙa wa sunan direba ta mutum biyu ce: shi da babban bakanikensa. Ba ta san inda aikin ɗaya ya tsaya na ɗaya ya soma ba.

Shi ya sa ba a haɗa azuzuwa a jadawali ɗaya. Direban ajin Pro Stock yana zaune ne injinsa ya riga ya ɗau zafi, ƙafarsa a kan kuloci, saki kawai zai yi, kuma ana iya gyara tafiyar kulocin ta dace da ƙafarsa. A wannan aji ganin milisakan 20 ko 30 ba abin mamaki ba ne. Direban Top Fuel kuwa daga silo yake tashi: ya saki birkin hannu, ya danne totur, sannan injin mai ƙarfin doki kusan 11,000 ya farka. A wurinsu 60 zuwa 80 shi ne abin da aka saba gani. Wanda ya ce ’yan Pro Stock sun fi ’yan Top Fuel kaifin ido saboda waɗannan lambobi, ya bar jaki yana dukan taiki.

Ko a cikin aji ɗaya, girman tayar gaba, da iskar da ke cikinta, da yadda gaban motar ke ɗagawa idan an taka, duk suna shiga lissafi. Haka ma hasken rana: fitila ta fi fitowa da daddare, kuma tsofaffin ’yan wasan sun san cewa da duhu ya shiga, hannu kan ƙara sauri, jar fitila ta ƙara kusa.

Masu bin wasannin guje-guje za su tuna Devon Allen, wanda aka kora daga tseren ƙarshe na tsallake shinge na mita 110 a gasar duniya ta 2022 a Eugene. Laifinsa shi ne ya motsa sakan 0.099 bayan ƙarar bindiga, doka kuwa ta ce duk abin da bai kai 0.100 ba riga-malam-masallaci ne. A tseren motoci babu irin wannan ƙa’ida. Sifiri halal ne, ɗigo ɗaya ƙasa da shi kora ce.

Inci kaɗan, rigima babba

A bakin layi zaren haske biyu ne, tsakaninsu wajen inci bakwai. Tayar gaba ta taɓa na farko, fitilar sama ta kama, alamar an kusa. Ta taɓa na biyu, an shirya. Amma taya tana da faɗi, don haka akwai inda za a tsaya da yawa alhali tana tare da zaren.

Direban da ya tsaya da zarar fitila ta kama yana da ’yar tazarar da zai murgina kafin agogonsa ya soma. Wannan tazara kyauta ce ga lokacin gudunsa, domin ya riga ya ɗan ɗau hanya kafin a fara ƙirga masa, amma tana ɓata masa lokacin zabura. Wanda ya ƙara kutsawa ciki kuwa, wani lokacin har fitilar sama ta mutu, tayarsa na gab da ficewa. Zaburarsa za ta yi kyau a takarda, lokacin gudunsa ya munana. Mutumin bai ƙara sauri ba, ya dai ɗebo daga wannan aljihu ya zuba a wancan. Ribar da ya ci ta gaskiya ita ce ’yan incin da ya rage wa kansa na tafiya.

John Force, wanda ya ɗauki kambun Funny Car sau 16, ya yi suna wajen wannan kutse idan ya ga an matsa masa. Kuma a nan ne direba da bakanike suke yawan samun saɓani. Wanda ya fi kyawun lokacin gudu a zagayen baya shi ke zaɓen hannun da zai bi a zagaye na gaba, kuma ranar da rana ta gasa titi, hannu ɗaya kan fi ɗaya kama taya. Bakanike yana son lokaci mai kyau da zaɓen hannu, yana kuma son lambobin da ba su gurɓata ba domin ya san abin da gyaransa ya haifar. Direba kuwa yana son kada a ce an bar shi a layi.

Saboda haka idan aka ga direba biyu, ɗaya matsakaicinsa 55 ɗaya 70, tambayar farko ita ce a ina kowannensu yake tsayawa. Masu lissafin da suka san wasan sukan haɗa lokacin zabura da lokacin da mota ta ci ƙafa 60 na farko, wanda shi ma ana rubuta shi a takardar sakamako. Abin da kutse ya rage a na farko yakan fito a na biyu, jimillar kuwa ba ta da sauƙin yi wa dabara. Sai dai jimillar ta ƙara shigo da hannun bakanike cikin lamarin. Ba a raba su gaba ɗaya.

Matsakaici ba ya da kunya

A ɗauka wani direba ya yi tashi biyar: 40, 45, 50, 55, sai na biyar hankalinsa ya rabu ya yi 210. Matsakaicinsa 80. Duk wanda ya ga 80 zai ce wannan mai nauyin ƙafa ne, alhali sau huɗu cikin biyar bai kai 60 ba. Idan aka jera lambobin aka ɗauki ta tsakiyar jeri, 50 za a samu, kuma ita ta fi kama da mutumin.

Irin wannan ba baƙon abu ba ne, domin lokutan zabura ba su rarrabu daidai hagu da dama ba. Ta ɓangaren sauri akwai bango, wato iyakar abin da jijiya da inji za su iya. Ta ɓangaren jinkiri kuwa fili ne fetal. Tashi ɗaya na barci yana iya jan matsakaicin wata guda.

Yanzu a sauya na biyar ɗin. Maimakon 210, a ce ya yi wuf ya riga koriya da milisakan 40, aka rubuta masa lamba ƙasa da sifiri. Idan aka zuba ta cikin lissafi, matsakaicinsa ya koma 30. Mutum ya zubar da zagaye, ya koma gida da wuri, amma jadawali ya ɗaga shi sama. Idan kuma aka cire jar fitila daga lissafin, kamar yadda ake yawan yi, to an yafe masa laifin ke nan, an kwatanta shi da wanda bai taɓa yin ja ba kamar babu bambanci. Ko ta ina aka bi, sai an ajiye yawan jar fitila a gefen matsakaicin kafin maganar ta cika.

Akwai kuma zagayen da bai kamata ya shiga lissafi ba sam. A ranakun neman gurbi lokacin gudu kawai ake dubawa, direba na iya zama sakan guda bayan koriya babu abin da zai rasa. Haka idan abokin karawa bai fito ba, ko motarsa ta mutu a layi. Duk jadawalin da bai tace waɗannan ba, shara ya kwasa.

Zagaye nawa aka ƙirga?

Ba a nan kaɗai gizo ke saƙar ba. A yawancin gasanni motoci 16 ne ke shiga ranar Lahadi a ajin ƙwararru, wanda ya faɗi ya fita, zagaye huɗu a gama. Gasannin shekara kuwa wajen ashirin ne. Direban da ke yawan faɗuwa a zagayen farko da ƙyar zai tara tashi talatin a shekara. Zakara na iya samun ninkin haka. Wannan duk ɗan kaɗan ne a wurin mai ƙididdiga.

Ga yadda lissafin yake. A ce direba biyu kowanne ya yi tashi 36, kuma tashin kowannensu yakan kauce wa matsakaicinsa da wajen milisakan 20 sama ko ƙasa. Ƙa’idar ƙididdiga ta ce rashin tabbas ɗin da ke kan matsakaici shi ne wannan warwatsuwa a raba ta da tushen adadin gwaji. Tushen 36 shida ne, ke nan uku da ɗoriya. Idan aka zo kwatanta mutum biyu, rashin tabbas ɗin ya haɗu ya kusa biyar.

To ɗaya yana da 50, ɗaya 55. Ratar biyar ce, rashin tabbas ɗin ma kusan biyar. Wannan rata sa’a kaɗai tana iya haifar da ita. Masana ba sa ɗaukar bambanci da muhimmanci sai ya kai wajen ninki biyu na rashin tabbas, wato a nan kusan milisakan goma. Kafin a iya tsayawa a kan ratar biyar ɗin, sai kowannensu ya tara tashi fiye da ɗari, aikin shekara biyu ko uku. Kafin nan kuwa an sauya mota, an sauya bakanike, wataƙila ma direban ya koma wata ƙungiya.

Dabarar kwatanta ’yan ƙananan samfura irin wannan ba sabuwa ba ce. William Gosset, ma’aikacin kamfanin Guinness a Dublin, ya buga ta tun 1908 da sunan aro na Student, kuma duk ɗalibin jami’ar da ya yi darasin ƙididdiga ya ci karo da ita. Abin mamaki shi ne wasan da ke auna komai har kashi ɗaya cikin dubu, ba kasafai yake tsayawa ya tambayi ko ratar da ke tsakanin na uku da na shida a jadawali tana da wata ma’ana ba. Yawanci ba ta da ita.

Wannan ƙarancin samfuri ne kuma yake sa wanda ya yi zarra bana ya ɗan sauko baɗi, wanda ya yi muni ya ɗan hau, ba tare da ɗayansu ya sauya komai ba. Francis Galton ya bayyana wannan komawa zuwa tsakiya tun shekarun 1880. Masu sharhi kuwa sai su ce wane ya yi sanyi, wane ya farfaɗo.

Mai zafin nama da mai natsuwa

A ganina lambar da ta fi cancantar a nuna a talabijin ita ce warwatsuwa, amma ita ce ba a cika nunawa ba.

A sake ɗaukar misali, wannan karon daga aji irin na Pro Stock. Direba na farko matsakaicinsa 20, amma yana yawo da wajen 15 sama ko ƙasa. Na biyu matsakaicinsa 30, yawonsa takwas kacal. A jadawali na farko ne a sama. Amma da yake ya matsa kusa da bango yana kuma tangaɗi, lissafi ya nuna kusan sau ɗaya cikin goma sha ɗaya zai faɗa ƙasa da sifiri. Na biyun yana iya shekaru bai ga ja ba.

Wa ya fi? Mutum zai so a ce mai natsuwa, amma lissafin bai yarda da wannan kai tsaye ba. Idan motocinsu ƙarfi ɗaya ne, mai zafin naman zai ci wajen shida cikin goma duk da jar fitilarsa, domin sauran lokutan yana riga tashi. Amma idan motarka ta fi ta abokin karawa da milisakan 40, zafin nama asara ce tsagwaronta: ba ka buƙatar ratar, ga shi kana kyautar da zagaye ɗaya cikin goma sha ɗaya. A irin wannan mota mai natsuwa ake so.

Direbobi sun san haka ko ba su taɓa riƙe alƙalamin lissafi ba. Mai rarraunar mota idan ya haɗu da zakara yakan kutsa ciki, ya yi caca da fitila, tunda idan ya tashi daidai da shi ya riga ya faɗi. Mai ƙaƙƙarfar mota kuwa yakan ɗan ja baya da gangan a zagayen farko, ya ajiye kaifinsa sai ya haɗu da tsaransa. Ke nan wani ɓangare na lambar zaɓi ne, ba iyawa ba. Jadawalin da ya zuba su duka a tukunya ɗaya yana hukunta wanda ya yi hankali.

Shi ya sa wasu suka fi son ƙirga sau nawa direba ya riga abokin karawarsa tashi, da sau nawa ya ci da motar da ta fi jinkiri, da sau nawa aka ci shi alhali tasa ta fi gudu. Wannan yana da amfani guda babba: mutum biyun fitila ɗaya suka kalla, a rana ɗaya, a titi ɗaya. Rauninsa kuma shi ne ya dogara ga wanda ka haɗu da shi. Direba mai kyawun mota yana yawan kaiwa zagayen ƙarshe, inda gwanaye suke, don haka kasonsa na iya raguwa ba don ya gaza ba.

Me ake saya da milisakan goma?

A gudun kilomita 530 a awa, milisakan goma mita ɗaya da rabi ne a layin ƙarshe. A Pro Stock, inda ake gamawa da wajen kilomita 340 a awa, ya kusa mita guda. Kuma a wannan aji sau da yawa abin da ke tsakanin motocin gaba-gaba bai wuce ’yan milisakan goma-goma ba. Bakanike na iya shafe watanni da kuɗi masu yawa yana neman abin da direba zai zubar da ƙiftawar ido. Ba banza ba ne sunayen da suka yi fice a ajin, irin su Jeg Coughlin ƙarami mai kambu biyar da Erica Enders mai shida, aka san su da iya tashi.

A Top Fuel labarin ya ɗan bambanta, kuma shekarun baya-bayan nan sun ba da misali mai kyau. Justin Ashley ya yi wa tsaransa nisa a wurin tashi, irin nisan da ba ya buƙatar dogon lissafi, domin shekara bayan shekara yana saman jadawali ko gab da shi. Amma har ƙarshen kakar 2024 bai ɗauki kambun shekara ba. Brittany Force, wadda ba a lissafa ta cikin na gaba a zabura, ta ɗauka a 2017 da 2022, kuma ita ta kafa tarihin lokacin gudu na sakan 3.623 a 2019. A ajin da inji kan fashe, taya kan yi hayaƙi a tsakiyar titi, abin da ke tsakanin mota da mota yakan shanye abin da ke tsakanin ƙafa da ƙafa.

Masu ƙungiyoyi ba su raina lambar ba duk da haka. A yawancin gasanni kowane zagaye da aka ci maki 20 ne, kuma tun 2007 da aka shigo da tsarin matse maki kafin gasannin ƙarshen shekara, zagaye biyu ko uku na iya raba zakara da na biyu. Shi ya sa ake farautar waɗanda suka taso daga ƙananan azuzuwa, inda tashi shi ne rabin wasan. Shawn Langdon ya ci kambun Super Comp sau biyu kafin ya ɗauki na Top Fuel a 2013 tare da ƙungiyar Al-Anabi ta ƙasar Katar. Enders kuwa tun tana yarinya ta fara a gasar yara ta NHRA.

A can ƙasa, wurin dubban masu sha’awar da ke tsere da kuɗin aljihunsu a ƙananan filaye, ƙididdigar ma ta fi aiki. Kowa yana rubuta lokacin da yake sa ran motarsa za ta yi, ana ba mai jinkiri damar fara tashi, wanda ya wuce abin da ya rubuta ya faɗi. Irin waɗannan mutane suna iya yin ɗaruruwan tashi a shekara da mota ɗaya, suna rubuta kowanne a littafi tare da yanayin iska da lokacin yini. A azuzuwan da doka ta yarda, suna da akwatin lantarki mai jinkirta sakin mota da adadin milisakan da aka saita. A wurinsu matsakaici abu ne da ake murɗawa da yatsa. Abin da ba ya sayuwa a shago shi ne mutum ya maimaita abu ɗaya sau ɗari, kuma da shi suke auna junansu.

Jadawalin matsakaici ba ƙarya ba ne. Yana iya raba na sama can da na ƙasa can, musamman idan ratar ta daɗe tana maimaituwa. Abin da ba zai iya ba shi ne jera maƙwabta. Don haka idan mai karatu ya ga an ce wane ya fi wane da milisakan biyar a kakar bana, ya nemi sanin zagaye nawa aka ƙirga, da inda aka kai jar fitila, da inda kowannensu yake tsayar da tayarsa. Idan babu amsa, ya ɗauke su kunnen doki.